Dutsen Zagami: wani yanki na duniyar Mars ya faɗo a gonarmu, yaranmu ba su sani ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi ritaya, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Na ɗauki alƙalami ne a kan wani dutse da ya faɗo daga sama a ƙasar Faskari a 1962, wanda masana na duniya suka san shi ciki da bai, mu masu shi kuwa ko sunansa ba mu sani ba. Sai dai abin da ya tayar mini da maganar wani shirin talabijin ne, don haka ku yi haƙuri in fara ta can.

Jikokina suna bin wani shiri na Turawa kashi-kashi, irin wanda ake fassarawa da Hausa, a je shagon masu tura fina-finai a zuba a waya. Labarin wasu 'yan sama jannati ne da ke yawo cikin kumbo, yau suna wannan duniya, gobe suna waccan. Ran nan bayan isha'i an ɗauke wuta, na tarar sun cunkushe a kan tabarma, sun jingina wayar uwarsu da kwanon sha, sai na jawo kujerata na zauna a bayansu. A kashin da na gani, kumbon ya sauka a wata duniya mai rana biyu da jar ƙasa. Kyaftin ɗin mace ce. Suna fitowa ta duba wata 'yar na'ura a hannunta, ta tuɓe hular kwanon da ke kanta, ta ja numfashi, ta ce wa sauran iska lafiya lau. Masanin duwatsun da ke cikinsu ya hango wani baƙin dutse an share kewayensa tas, an jera masa ƙananan duwatsu a zagaye. Ya sunkuya ya ɗauke, ya jefa a jaka. Nan take mutanen wannan duniya, wasu masu launin toka da manyan idanu, suka yo kansu da masu. Mai fassara kuwa sai ya samu abin yi: "Kai jama'a, ku ga ƙauyawa! A kan dutse za su kashe kansu. Oga, ba su wuta!" Yara suka kwashe da dariya. Daga ƙarshe an yi sulhu, baƙi suka bar wa masu gari wata fitila, suka tashi da dutsen.

Babbar jikata, 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta ce, "Kaka, to ai nasu ne. Me ya sa ba a tambaye su ba?" Na ce mata, "Amarya, bari a kawo wuta, akwai labarin da zan ba ki."

Washegari da na ba maƙwabcina labari a dakalin masallaci, cewa ya yi ƙarya ce zalla, kamata ya yi a karɓe wayoyin a huta. Ban yarda da shi a kan karɓe waya ba, amma a kan ƙarya yana da gaskiya, kuma ya kamata iyaye su san inda ƙaryar take don su iya nuna wa yara. Babbar ƙaryar ita ce ta nisa. Duniyoyi masu kewaya wasu taurari akwai su, wannan ba tatsuniya ba ce. A 1995 wasu masana biyu 'yan Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano ta farko da ke kewaya tauraro irin ranarmu, aka ba su kyautar Nobel a 2019, kuma zuwa 2022 adadin waɗanda aka tabbatar ya haura 5,000. Amma tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi tafiyar sama da shekara 4 kafin ya kai can. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kusan kilomita 17 a kowace daƙiƙa, wato daga Katsina zuwa Daura cikin abin da bai kai ƙirga goma ba, amma da can ya nufa, sai ya shekara fiye da 70,000 a hanya. A shirin jikokina kuwa, tsakanin duniya da duniya ko shayi ba ya hucewa. Har yau mutum 12 kacal suka taɓa taka wata ƙasa da ba tamu ba, dukkansu a kan wata, tsakanin 1969 da 1972.

Sai maganar cire hula. Mars ce maƙwabciyar da ake ta burin zuwa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na iskarta kabon dayoksaid ce, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Ƙarfin matsin iskar bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Duk wanda ya tuɓe hula a can ba zai samu zarafin cewa iska lafiya lau ba. Ko da a ce an samu duniya mai iskar shaƙa, babu mai hankalin da zai buɗe hanci kafin a gwada abin da ke yawo cikinta. Mutanen Apollo 11 da suka dawo daga wata a 1969, inda ko tsiro babu, sai da aka killace su kwana 21 don tsoron kada su kwaso wata cuta. Batun yadda baƙi da masu gari suka ji yaren juna daga haɗuwa ba zan ma tsaya a kai ba.

Duk da haka ban ga dalilin hana yara kallo ba. Mu ma da tatsuniya aka rene mu, kuma mai bayar da ita da bakinta take rufewa da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya. Babu wanda ya lalace don ya ji gizo ya yi magana da zaki. Abin da ke damuna shi ne yaro ya kalli irin wannan shiri, ya tashi da tunanin cewa sama da abin da ke cikinta harkar Turawa ce, mu namu kallo da dariya.

To ga labarin da na yi wa jikata alkawari. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, kwana 2 bayan bikin cikar Nijeriya shekara 2 da samun 'yanci, zamanin Sardauna yana Firimiyan Arewa, Sarki Usman Nagogo yana kan gadon Katsina, wani manomi yana cikin gonarsa ta masara kusa da Zagami, a yankin da yanzu yake ƙaramar hukumar Faskari, yana korar tsuntsaye. Sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa kimanin ƙafa 10 daga inda yake tsaye, ya nutse cikin rami mai zurfin kusan ƙafa 2. Da aka tono shi, dutse ne mai nauyin kilo 18, bayansa baƙi wuluk saboda ƙunar da ya sha wajen ratsa iska, cikinsa kuma ruwan toka. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna aka ajiye.

A lokacin babu wanda ya san daga ina yake. An dai san dutse ne daga sama, kuma masana sun lura yana kama da wani da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a 1865. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne shekarunsa. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kai shekara biliyan 4 da rabi, sa'o'in rana ne. Na Zagami kuwa, da aka auna, kimanin shekara miliyan 180 ke nan da ya daskare daga narkakken dutse irin na aman wuta. Ke nan ya fito ne daga wata babbar duniya da cikinta ya daɗe da zafi. Wace ce? Amsar ta biyo ta wata hanya da nake jin daɗin bayyana wa ɗalibai. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a Mars suka auna iskarta, suka aiko da lissafin irin sinadaran da ke ciki da yawan kowanne. To shi dutsen, lokacin da wani ƙaton abu ya daki Mars ya watsa shi sama, zafin dukan ya narkar da wasu wurare a jikinsa suka zama gilashi, gilashin kuma ya rufe da 'yar iskar wurin a cikinsa. A 1983 aka fara gano irin wannan iska a wani dutse da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, a 1995 kuma aka same ta a cikin na Zagami. Aka gwada da lissafin Viking, suka yi daidai. Dutsen ya yi kimanin shekara miliyan 3 yana gararamba a sarari kafin Allah ya nufe shi da gonar wani Bakatsine.

Edita, duwatsun Mars da aka ga faɗowarsu da ido a tarihi 5 ne kacal: Chassigny a Faransa 1815, Shergotty a Indiya 1865, Nakhla a Masar 1911, Zagami 1962, sai Tissint a Maroko 2011. Sauran duk tsintar su aka yi, galibi a hamada ko a ƙanƙara, bayan sun daɗe a kwance, ruwa da ƙasa sun taɓa su. Shi ya sa wanda aka ɗauka da ɗuminsa yake da daraja a wurin masu bincike. Kuma shekaru da dama na Zagami ne mafi girman dutse ɗaya daga Mars da ke hannun ɗan'adam. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a Nuwamba 1996 ya tafi da ɗan ƙwayar dutsen Zagami a maƙale a jikin ɗaya daga cikin na'urorinsa. Ya isa a 1997, ya yi ta kewaya Mars yana aiko da hotuna har aka daina jin ɗuriyarsa a 2006. Wato wani ɓangare na dutsen Faskari ya riga kowane ɗan'adam zuwa can.

Ku auna wannan da abin da Amurka ke kashewa. Motar binciken Perseverance ta yi tafiyar kusan wata 7, ta sauka a Mars ranar 18 ga Fabrairu, 2021, tana haƙar duwatsu tana rufewa cikin ƙananan bututu don a zo a ɗauka wata rana. Wani kwamitin da ya duba shirin ɗauko su a 2023 ya ce kuɗin na iya kaiwa dala biliyan 11. Abin da aka yi niyyar ɗaukowar gaba ɗaya bai kai kilo 1 ba. Gaskiya nasu an zaɓe shi ne daga wurin da aka sani, don haka yana da amfanin da namu ba shi da shi, amma dai mu kilo 18 aka sauke mana har gona, ba mu biya ko anini ba.

Ina dutsen yake yau? A shekarun 1980 wani ɗan kasuwar irin waɗannan duwatsu daga Amurka ya samu babban kaso daga cikinsa ta hanyar musaya. Daga nan aka yi ta yanka shi ana rarrabawa. Yanzu gutsattsarinsa suna jami'o'i da gidajen tarihi na Turai da Amurka, wasu a akwatunan masu kuɗi, wasu ana tallarsu a intanet giram-giram, a farashin da ya fi na zinariya. Ban ce a hana masana bincike ba. Ba don an kai shi ɗakunan gwaji masu kayan aiki ba, da har yau baƙin dutse ne kawai a cikin kabad. Amma tambayar jikata tana nan daram: an tambayi mutanen Zagami? An koma an gaya musu abin da aka gano? Lokacin da mai fassara ke yi wa masu launin toka dariya yana kiran su ƙauyawa, bai san a wannan labari mu ne masu launin tokar ba, kuma su aƙalla sun san darajar nasu dutsen har sun bi shi da masu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan kwanan baya. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai nauyin sama da kilo 24 a jihar Agadas, wanda ya zarce na Zagami girma. A Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ko me binciken ya haifar, sun dai buɗe baki sun yi magana. Mu namu ya haura shekara 60, shiru kake ji.

Abin ya fi yi mini ciwo da yake Katsina ce. Garin nan ba baƙon ilmin taurari ba ne. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatu a nan kafin ya wuce gabas, ya yi rubutu a kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Iyayenmu manoma da taurari suke ƙirga damina, kusan kowane tauraro kwana 13, su san lokacin da Nasara ta shiga, su san ruwan Ɗarfa da na Jabha. Tsohuwa a ƙauye za ta nuna maka Kaza da 'Ya'yanta da Zara da Gamzaki ba tare da ta taɓa shiga aji ba. A matakin ƙasa kuma muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, an harba mana tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003. Ɗan Afirka ta Yamma, Cheick Modibo Diarra na Mali, ya yi aiki a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a shirin kumbon Mars Pathfinder da ya sauka a Mars a 1997. Duk da wannan, a tsawon shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa cin karo da sunan Zagami a littafin da aka ba mu mu koyar da shi ba. Muna zana wa yara taurari a allo da alli, muna sa su haddace sunayen duniyoyi da Turanci, su ci jarrabawa su manta.

Ga roƙona. Gwamnatin jiha ta nemi yanki ɗaya na dutsen Zagami, ko ta hanyar hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, ko ta roƙi aro daga wata jami'ar waje, ko ma ta saya, tunda ɗan ƙaramin yanki ba zai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. A sa shi cikin gilashi a gidan tarihi na Katsina, a tsohon ginin kwalejin da Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da bayani da Hausa, boko da ajami, ba Turanci kaɗai ba. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a gaban dutse aka ce masa wannan daga Mars yake, kuma a gonar Faskari ya faɗo, ba zai koma gida yadda ya zo ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma suna da malaman kimiyya da za su iya rubuta bayanin, su kuma riƙa karɓar ɗaliban sakandare. Da a ce hanyar Faskari tana da kwanciyar hankali irin ta da, da na ce a kafa alama a wurin a riƙa kai yara. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga, amma kafin nan birni ya isa.

Masu fassara fina-finai kuma, 'ya'yana, ba faɗa nake yi muku ba. Sana'a kuke yi, kuma kun fi mu malamai samun kunnen yara. Idan kumbo ya sauka jarumi ya cire hula, ba abin da zai rage muku idan kuka ce, cikin irin barkwancinku, a Mars ta gaskiya da oga ya sheƙa barzahu. Kuma ku rage kiran masu gari ƙauyawa, don rabin masu kallonku daga ƙauyen suke. Masu shirya fina-finanmu na Hausa su ma ga labari a ƙofar gida: manomi, gona, ƙara daga sama, baƙi sun zo da mota sun tafi da dutse. Ba ya bukatar kumbo ko na'urar kwamfuta mai tsada.

Na ƙarshe naku ne, Edita. Yaron da yake da shekara 10 a 1962 yanzu ya haura 70. A Zagami da ƙauyukan kewaye, ko cikin waɗanda rashin tsaro ya kora zuwa Funtuwa da Faskari, za a iya samun dattawan da suka ji wannan ƙara da kunnensu, ko suka ga ramin, ko suka san gonar wane ne. Abin da aka rubuta da Turanci a kan faɗowar dutsen 'yan layuka ne, kuma manomi kawai suke cewa, ba suna. Ku aika wakilinku na Funtuwa da na'urar ɗaukar murya ya nemi dagaci da masu unguwanni, ya zauna da tsofaffin nan, maza da mata, ya tambaye su sunan mai gonar, da abin da mutane suka ce da suka ga dutsen, da wanda ya zo ya ɗauke shi, da ko an ba mai gonar wani abu. Idan kuka buga, ni zan sayi kwafi in kai makarantar da na yi aiki in karanta wa 'yan aji da bakina.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Ƙofar Marusa, Katsina.